Yaren Bakin Ruwa Da Ake Cin Mu Da Shi



Wani zai ga kan wanga rubutu ya ce, kai, mu da ko gulbin Maraɗi sai damina yake kawo ruwa, mi ya haɗa mu da maganar teku? To ka dubi tarhon da ke hannunka. Ka dubi babur ɗin da ka hau da safe, da shinkafar da aka dafa gidanku jiya, da man girkin, da maganin zazzaɓin ƙanenka, da batirin sola na mai cajin unguwarku. Mafi yawansu sun kwashe makonni cikin kwantena a bisa ruwa, suka sauka Kwatano ko Lome ko Tema ko Abijan, sannan kamyo ya ɗauko su ya yi tafiyar da ta fi kilomita dubu kafin su iso gare ka. A kowane zango akwai takarda. A kowace takarda kuma akwai kalmar da ke faɗin wa zai biya idan kaya sun jiƙe, sun ƙone, sun ɓata, ko sun makara.

Waɗannan kalmomi da Faransanci da Ingilishi aka rubuta su, ƙanana kamar tururuwa, a bayan takarda. Ɗan kasuwarmu yakan sa hannu bai karanta ba, in ma ya karanta bai gane ba. Idan asara ta zo, shi ake miƙa ma fatura, shi kuma ya ɗora ta a kan buhu da kwali, ta dawo aljihun mahaifiyarka a kasuwa. Matsayinmu a wanga shafi shi ne: sanin yaren bakin ruwa yana cikin yaƙi da tsadar rayuwa, kuma haƙƙi ne a kan hukumomin da muke biya su fassara mana shi, su buɗe mana lissafinsa.

Mun dai ga abin da idonmu. Bayan 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga wata, Benin ta rufe iyaka, gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ta tsaya cik. Kafin nan ta Kwatano mafi yawan kayanmu ke shigowa. Kwantenonin ƴan Nijar suka taru a por, wasu ɗauke da abinci, wasu da magani. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren iyakar a rufe, kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina, su bi Kaya da Dori zuwa Tera da rakiyar soja. Siyasar wannan lamari kowa ya tofa albarkacin bakinsa a kai, a fada da rediyo da Facebook. Abin da mutane kaɗan suka lura da shi shi ne, duk kwanakin da kwantena ke zaune, akwai agogon da ke juyawa, kuma kuɗi yake ƙirgawa. Bari mu bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yadda taranziter ke faɗin su.

Ta farko, konesma. Ita ce takardar da kamfanin jirgi ke bayarwa idan ya amshi kaya. Aiki uku take yi. Rasit ce, shaidar cewa an amsa. Shaidar yarjejeniya ce tsakanin mai kaya da mai jirgi, sharuɗɗan kuma su ne ƙananan rubutun nan na baya. Sannan takardar mallaka ce: wanda ya riƙe ta asali da sunansa, ko aka sa masa hannu a bayanta, shi ake ba kaya. Shi ya sa banki ke riƙe ta har a biya, shi ya sa kuma ɓatar da ita masifa ce. In ka duba gabanta za ka ga wasu kalmomi da ma'anarsu ita ce "an ce yana ɗauke da kaya kaza". Wato mai jirgi na cewa, ni rufaffen akwati aka ba ni, ban ƙirga abin da ke ciki ba.

Nan ne matasanmu masu haɗa kaya daga Guwanzu ko Dubai ya kamata su buɗe kunne. Mutum 20 ko 30 sun haɗa kwantena guda, kowa da kwalayensa. Konesmar jirgi sunan mai kargo take ɗauke da shi, sunanka ba ya ciki. Abin da ke hannunka hoton rasit ne a WhatsApp da saƙon murya. Ranar da kaya suka jiƙe, kamfanin jirgi bai san ka ba, bai taɓa jin sunanka ba. Da mai kargo za ka yi, kuma abin da ke rubuce tsakaninku shi ne iyakar hujjarka. In babu rubutu, sai "Alhaji a yi haƙuri, ƙaddara ce". Ka nemi takarda mai ɗauke da yawan kwalaye, nauyi, darajar kaya, lambar kwantena, da abin da zai biya in sun lalace. Mai kargon da ya ji haushin wannan tambaya, ya riga ya ba ka amsa.

Ta biyu, surestari, da ƙannenta detansiyo da magazinaj. Kwantena ba naka ba ne, aro ne aka ba ka. Kamfanin jirgi yana ba ka wasu kwanaki kyauta, ana ce musu faranshiz. Da sun ƙare, kowace rana da kwantena ya ƙara cikin por akwai kuɗinta, shi ne surestari. In ka fitar da shi ka riƙe a waje ba ka maido ba, shi ne detansiyo. Magazinaj kuma kuɗin filin da ya zauna ne, wannan por ko mai kula da filin ake biya. Kuɗin kan ƙaru mataki-mataki, na makon baya ya fi na makon farko tsada. Ɗan kasuwar Lome zai fitar da kwantena da safe, ya sauke, ya maido da yamma. Ɗan Damagaram fa? Sai ya jira takardun duwan, ya jira kamyo, ya jira ayari da rakiya, ya je ya sauke, sannan akwatin ya sake komawa bakin ruwa. Kafin ma a ba shi akwatin sai ya aje kuɗin jingina, kosiyo. Ana ba kayan ƙasashen da ba su da teku ƙarin kwanaki, gaskiya ne, amma kwanakin da aka auna da hanyar jiya ba za su ishi hanyar yau ba. Har ta kan kai kuɗin zama ya haura darajar kayan, mai kaya ya haƙura ya bar su, duwan ta yi gwanjonsu. Abin da da yawa ba su sani ba: yawan kwanakin faranshiz ana cinikinsa kafin a loda kaya. Bayan jirgi ya iso, sai roƙo.

Ta uku, abari, wato lalacewar kaya. Masana harshe da dama na ganin daga Larabci Turawa suka ari kalmar, daga kalmar da ke nufin aibi a jikin haja. Ruwa ya shiga ta rufin kwantena, ko inji ya yar da shi, ko na'urar sanyi ta mutu kifi ya ruɓe: wannan abari ce ta mutum guda, a kan mai kaya take faɗawa, shi zai bi wanda ya jawo ta. Bin kuma yana da lokaci. A ƙa'idojin Hag, waɗanda aka sa ma hannu a 1924 kuma har yau konesma da yawa ke dogara da su ko da gyararrunsu, ɓarnar da ido ke gani sai a rubuta ta a lokacin amsar kaya. Wadda ido ba ya gani, kwana 3 ke gare ka. Wannan rubutun shi ake kira rezerb. In ba a yi ba, doka na ɗauka an ba ka kayanka lafiya, sai kai ka kawo hujjar akasin haka. Shigar da ƙara kuma shekara 1 ce, in ta wuce shi ke nan.

Yanzu ku auna da halinmu. Taranziter ya amshi kwantena a Lome, ya sa hannu ba rezerb don yana sauri. Bayan mako 4 an buɗe shi a Tawa, an tarar rabin kwalaye sun yi funfuna. Mai jirgi zai ce lafiya na bayar. Mai kamyo zai ce a rufe na ɗauko, a rufe na kawo. Kowa ya wanke hannu. Maganin ba shi da tsada: wakilinka ya zagaya kwantena tun a por, ya duba huji da lanƙwasa, ya gwada lambar hatimin ƙofa da wadda ke kan konesma, ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya gani a takardar amsa. In ɓarnar babba ce, a kira gwanin tantance ɓarna kafin a taɓa komi.

Ta huɗu ita ce wadda ta fi ba mutane mamaki: iyakar alhaki. Ko an tabbatar laifin mai jirgi ne, ba lallai ya biya ka dukan darajar kayanka ba. A ƙa'idojin Hag da aka gyara a 1968 da 1979, iyakar ita ce DTS 666,67 a kan kowane ɗauri, ko DTS 2 a kan kowane kilo, wanda ya fi yawa a ciki. DTS ma'aunin kuɗi ne na asusun lamuni na duniya, FMI, ɗaya yana kai-kawo a kusa da sefa 800. Mu yi lissafi da misali. Kwantena mai kwali 400, nauyi ton 8, kayan miliyon 60 na sefa. In konesma ta ce "kwantena 1" kawai, ana ɗaukar sa ɗauri guda, sai a koma ga kilo: 8.000 sau 2, DTS 16.000, kusan miliyon 13. Sauran miliyon 47 sun bi ruwa. In kuwa konesma ta ce "kwantena 1 mai ɗauke da kwali 400", kowane kwali ɗauri ne, iyakar ta haura miliyon 200, ta rufe darajar kayanka duka. Layi guda a takarda, bambancin ke nan.

Kuma ƙa'idojin sun jera hanyoyi 17 da mai jirgi zai iya kuɓuta. Akwai haɗarin teku, akwai yaƙi, akwai yajin aiki, akwai mugun ɗauri daga mai kaya, akwai gobarar da ba laifin kamfanin kansa ba. Har da kuskuren matuƙi wajen tuƙin jirgi: kyaftin ya yi kuskure jirgi ya daki dutse, kamfani na iya cewa ba ruwansa da kayanka. Ƙasashen da ke da jirage ne suka tsara abin don kansu. Ƙasashe masu tasowa sun yi ƙorafi, aka fito da ƙa'idojin Hamburg a 1978, waɗanda suka cire uzurin kuskuren tuƙi, suka ɗaga iyaka zuwa DTS 835 ko 2,5 a kilo, suka maida wa'adin ƙara shekara 2. Amma manyan ƙasashen jirage ba su shiga ba. An sake yin na Rotadam a 2008, waɗanda suka haɗa tafiyar ruwa da ta tudu, abin da ya fi dacewa da irinmu, sai dai ƙasashen da suka tabbatar da su ba su kai 20 ɗin da ake bukata ba. Wace ƙa'ida ce ke kan kayanka? Ya danganta da tashar da aka loda su da abin da ke bayan konesma. Tambaya ce da ya kamata a yi kafin a tura kuɗi.

Ta biyar, abari komin, wato asarar tarayya. Tsohuwar doka ce, tun zamanin matuƙan tsibirin Rodas, kuma malaman fiƙihu na Malikiyya sun yi bayani a kan jefa kaya a teku da rabon asararsa tun fiye da shekara dubu. Jirgi na shirin nutsewa, kyaftin ya sa a zubar da kayan wasu, ko ya kira masu ceto da tsada, don a tsira. Tunda kowa ya amfana, kowa zai ɗauki rabonsa na asarar gwargwadon darajar dukiyarsa. Yau ƙa'idojin York da Anbas ake bi wajen lissafin. Ma'anarta a gare ka: kayanka ko ƙwarzane ba su yi ba, amma ba za a sake maka su ba sai ka ba da lamuni ko ka aje kuɗi.

Kun tuna jirgin Ever Given da ya tokare mashigin Suwez daga 23 zuwa 29 ga Maris 2021? Duniya ta yi ta raha da hotonsa. Masu jirgin sun ayyana abari komin, Masar ta riƙe jirgin har 7 ga Yuli, masu kaya kuma sai da suka ba da lamuni kafin su amshi kayansu. A 2018 gobara ta tashi a jirgin Maersk Honam a tekun Larabawa, ma'aikata 5 suka rasu. Waɗanda kayansu suka tsira an nemi su ba da lamunin da ya kai kashi 54 cikin 100 na darajar kayan, haɗe da na masu ceto. Mai asurans, kamfaninsa ya sa hannu, kaya suka fito. Wanda ba shi da ita, sai ya nemo fiye da rabin jarinsa tsaba, ko ya bar kayan. Ka ɗauka kai ne, da jarin da ka haɗa daga adashe da sayar da filin gado.

Ta shida, haruffan nan uku da ke kan fatura: FOB ko CAF, wanda wasu ke rubutawa CIF. Ɗan kasuwa zai ce maka, ni CAF na saya, mai sayarwa ya biya jirgi da asurans, ba ni da damuwa. Akwai damuwa. A FOB da CAF duka, hatsarin kaya yana komawa kanka tun lokacin da aka ɗora su cikin jirgi a tashar can. Asurans ɗin da aka wajabta ma mai sayarwa a CAF kuwa mafi ƙanƙanta ce, tana rufe manyan haɗura kamar gobara da nutsewa da abari komin, ba ta rufe sata ko ruwan sama da ya ɗiga ta rufi. Kuma in an rubuta "CAF Lome", alkawarin mai sayarwa a Lome ya tsaya. Daga Lome zuwa Maraɗi, inda hatsarin ya fi yawa a yau, kana tafe tsirara. A nemi asurans mai rufe dukan haɗura, daga sito zuwa sito, a rubuta sunan garinka ɓaro-ɓaro. A tambaya kuma ko ta rufe hari a hanya, don asurans ta yau da kullum takan cire yaƙi da ta'addanci sai an ƙara sharaɗi.

Mun san wasu za su ce asurans akwai shubuha a addini. Ba mu raina wannan damuwa ba, malamai sun yi magana mai yawa a kai. Akwai tsarin takaful na taimakekeniya, kuma CIMA, hukumar da ke tsara harkar asurans a ƙasashe irin namu, ta fitar da ƙa'idarsa a 2019. Sai ƴan kasuwa su haɗa baki su nemi a samar musu da shi a kan kaya. Zama ba kariya ko kaɗan, shi ne abin da ba mu ga hujjarsa ba.

A kan tudu ma akwai doka, kuma tamu ce. Nijar, Benin, Togo da Burkina duk suna cikin OHADA, wadda ta yi dokar jigilar kaya ta mota a 2003. Iyakar abin da mai kamyo zai biya sefa 5.000 ne a kilo, sai in ka bayyana darajar da ta fi haka a takardar jigila. Ɓarnar da ake gani, a rubuta ta zuwa ranar aiki ta farko bayan amsa. Wadda ba a gani, kwana 7. Nawa ne cikin masu loda kaya ke neman wannan takarda? Yawanci lambar wayar direba ce kawai da "Allah ya kiyaye hanya". Amin, amma a ɗaure raƙumi.

Sai ta ƙarshe, wadda ta shafe ku kai tsaye ku masu kwamfuta da waya: bayanai. Kafin jirgi ya iso, bayanin kayanka ya riga shi isowa. Yana cikin manifes, jerin dukan abin da jirgi ya ɗauko. Yana cikin SYDONIA, tsarin kwamfutar duwan. Yana cikin BSC, takardar bin sawun kaya da ake ciro ma duk kayan da za su shigo Nijar, a ƙarƙashin CNUT, hukumar da aka kafa don kare masu jigilar kaya. Harafi guda ya kuskure a suna, ko nauyin konesma ya saɓa da na fatura, ko an manta a rubuta cewa kayan masu wucewa ne zuwa Nijar, sai kwantena ya tsaya. Gyara kuɗi ne, kwanakin gyara kuma surestari ne. Tun 1 ga Yuli 2016 dokar duniya ta hana ɗora kwantena a jirgi sai an tabbatar da nauyinsa, alhakin haka a kan mai aikawa yake.

Kuma alhaki yana juyowa. Wanda ya cusa batiran litiyom ko wani sinadari cikin kwali ya rubuta "kayan wasan yara" don ya rage kuɗi, in wuta ta tashi ta dalilinsu, shi za a bi da ɓarnar jirgi da ta kayan mutane, kuma iyakar nan ta DTS ba ta kare shi. Ƙarya a takarda tana iya cin rayukan ma'aikatan jirgi. Mu ma sai mu faɗa ma kanmu gaskiya a nan: rage fatura da ɓoye kaya al'ada ce da wasunmu suka saba da ita, kuma ranar asara wannan faturar ta ƙarya ita za a biya ka a kai.

Bayanan ma kansu suna iya ɓata. A Yuni 2017 wata cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta durƙusar da Maersk, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jirage na duniya. Tashoshi suka tsaya, kamfanin bai iya sanin mi ke cikin wane kwantena ba, asarar ta kai wajen dala miliyon 300. Ƴan jaridar da suka bi labarin sun ruwaito cewa kwafi guda na wani muhimmin rumbun bayanai ya tsira ne a ofishinsu na Gana, saboda wuta ta ɗauke a lokacin harin. In irin wannan kamfani zai durƙusa, ina ga taranziter mai tsohuwar kwamfuta guda, ko ɗan kasuwar da dukan takardunsa ke cikin waya ɗaya? Ka aje kwafi wuri biyu. In saƙo ya zo cewa mai sayarwa ya canja lambar banki, kira shi ka ji muryarsa kafin ka tura ko dala. Lambar kwantena kuma, haruffa 4 da lambobi 7, da ita za ka iya duba inda kayanka suke a shafin kamfanin jirgi, kyauta. Wanda ya ƙi ba ka lambar, ya san abin da yake ɓoyewa.

Wani zai ce duk wannan aikin taranziter ne. Haka ne, kuma akwai masu gaskiya da yawa cikinsu, suna shan wahala a bakin por saboda mu. Amma wanda bai san mi ake kira surestari ba, ta yaya zai bambance faturar gaskiya da ta ƙari? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani kuma zai ce matsalar manyan alhazai ce. Alhaji ba ya asara shi kaɗai. Ya biya miliyoyin kuɗin zama, ya raba su a kan buhuna, mai tiya ta biya.

Don haka ga abin da muke nema, kuma ba abin da ya fi ƙarfin kowa a ciki.

CNUT da zauren ƴan kasuwa, CCIN, su fitar da ƙamus na waɗannan kalmomi da Hausa da Zabarmanci, a takarda da kuma murya, a watsa a gidajen rediyo da WhatsApp, don yawancin masu shigo da kaya da kunne suke karatu. Kowane kaya da ya shigo ana biyan kuɗin BSC a kansa. To bayanan da ake tarawa su dawo ga jama'a: kowane wata uku a wallafa kwana nawa kwantenan Nijar ke yi a kowace tasha, kwana nawa a hanya, nawa aka biya na surestari, nawa ne kosiyo a kowane kamfani. Da irin waɗannan alƙaluma ake zama teburin ciniki. Dokar teku ta 1982 ta amince cewa ƙasar da ba ta da gaɓa tana da haƙƙin isa teku da wucewar kayanta, amma ta bar sharuɗɗan ga yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Wanda ya je yarjejeniya ba lissafi a hannu, abin da aka ba shi zai amsa.

Gwamnati da ƙungiyoyin ƴan kasuwa su yi ciniki da kamfanonin jirage da murya ɗaya a kan kwanakin faranshiz da kuɗin jingina, daidai da tsawon hanyar da kaya ke bi yanzu, a kuma sanar da kowa sakamakon, kada ya zama sirrin manya. A tilasta ma masu kargo ba kowane mai kwali takarda mai bayyana alhaki. A buɗe teburin koke a Maraɗi, Damagaram da Tawa, kada mai kwali 10 ya ce sai ya je Yamai kafin a saurare shi. Jami'o'inmu kuma su ɗauki dokar sufuri da asurans da muhimmanci. Ƙasar da kusan komi nata ke bi ta tashar maƙwabta tana bukatar lauyoyin teku nata da gwanayen tantance ɓarna nata.

Ku kuma matasa, naku ya fi sauƙi. Kusan kowane ɗayanku na da baba, kawu, yaya ko maigida da ke shigo da kaya. Kai ka yi lakkol, shi ya san kasuwa. Daren yau ka ce ya nuna maka konesmarsa ta ƙarshe. Ku duba sunan wa ke kai. Ku duba an ƙirga kwalaye ko "kwantena 1" aka rubuta. Ku duba kwana nawa ne faranshiz, kuma a wane gari asurans ta tsaya. In kun ci karo da kalmar da ta gagare ku, ku rubuto mana ita a ƙasa, ba tare da suna ko lambar kowa ba, mu nemo ma'anarta tare, mu ƙara cikin ƙamus ɗin da za mu fara tarawa a nan har masu alhakin yin sa su motsa.

Allah ya kiyaye dukiyar bayinsa a ruwa da tudu, ya sauƙaƙa mana rayuwa. Ku tura ma wanda kuka san yana da kaya a hanya.